Littafin da Gwaggo Ta Bari a Buɗe

Ranar da muka kai Gwaggo makwancinta, fararen kaya sun fi baƙaƙe yawa a ƙofar gidanta da ke Romi. Matan zumuntar coci sun zo da ankonsu da tulunan kiɗansu kamar yadda aka saba, amma sai da suka matsa gefe, domin ma'aikatan jinya sun cika rumfar. Wasu daga wurin aiki suka taho kai tsaye, ko hula ba su cire ba. Wasu sun yi furfura, suna dogara sanda. Wata motar haya ta sauke Hajiyoyi daga Tudun Wada, suka shimfiɗa tabarmarsu a gindin mangwaro suna ta ba mu haƙuri. Da fasto ya ga taron, sai ya sunkuyo ya tambayi mahaifina, "Baba, wai 'ya'ya nawa marigayiya ta haifa?" Mahaifina ya ce ko ɗaya.

Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne irin gaisuwar da nas-nas ɗin ke yi wa juna. Ba mai tambayar asibitin da 'yar'uwarta take aiki. Sai ka ji wata ta kama hannun wata ta ce, "Ke wa kika karanta wa?" Waccan ta ce wani tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, ko wata mai jego da ƙafa ta riƙe. Sai a sake tambaya, "Yaushe ta rufe miki?" Daga nan sai dariya, dariyar ta juye kuka.

Wata babbar sista, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta zo ta rungume ni. Ta ce, "Ke ce 'yar ƙanenta, ko? Ai ke ba sai an tambaya ba. Tun kina goye aka rufe miki."

Na yi murmushi, ban ba ta amsa ba. Amsar ce ta sa na zauna nake wannan rubutu, don ina tsoron ranar da za a rasa mai gane wannan gaisuwa.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta goye shi, ita ta kawo shi Kaduna daga ƙauyenmu na kudu, kuma har ya yi furfura ba ta daina kiransa Auta ba. Aikin jinya ta yi tun tana budurwa har ta kai matsayin shugabar nas-nas, sannan ta yi ritaya. Gajeruwa ce, amma in tana tafiya sai ka yi sassarfa kafin ka kamo ta. Agogonta na ƙirji yana maƙale a rigarta ko a coci ne. In ka gaishe ta, sai ta duba idonka da farcenka tukuna ta amsa. Yaran unguwa in sun hango ta sai su ɓoye hannu a baya, manya ma wasu haka suke yi.

Na taɓa shiga bas da ita za mu kasuwa. Wata mata na zaune a gabanmu da jariri a cinya, an lulluɓe shi da zani, ba ya ko motsi. Ni dai barci na gani. Gwaggo ta ɗan karkata kai kamar mai sauraron rediyon maƙwabta, sai ta taɓa kafaɗar matar ta ce, "'Yata, buɗe mini shi." Ta kalli ƙirjin yaron, ta kalli agogonta, ta ɗaga murya ta ce wa direba ya juya asibiti. Kwandasta ya ce, "Mama, abeg, wannan ba motar asibiti ba ce fa." Ba ta yi masa gardama ba. Kallonsa kawai ta yi, shi da kansa ya buga jikin motar ya ce a juya. Babu fasinjan da ya yi tsaki. Bayan shekaru matar ta zo gaisuwar Kirsimeti da wani ƙaton yaro yana riƙe da zakara. A ranar bas ɗin nan na ƙudura a raina cewa ni ma nas zan zama.

A falonta akwai kabad mai gilashi, irin wanda mata ke jera kwanuka da faranti. Ita littattafai ta jera. A sama akwai manyan nan masu nauyi, masu hotunan ƙashi da jijiya da hanyoyin jini. A tsakiya na tsabta da abinci, da na lissafin magani, da ƙamus ɗin Turanci da bayansa ya ɓare. A ƙasa kuma wasu 'yan ƙananan littattafan labari ne, na Hausa da na Turanci mai sauƙi, duk sun sha hannu. Ko'ina a kudancin gari an san cewa yarinyar da ke son shiga makarantar koyon jinya wurin Gwaggo za ta je ta tambayi abin da za ta karanta. Ba ta duba addini, ba ta duba yare. Sai dai kowa na zuwa idonta na kan layin sama, ita kuwa Gwaggo daga ƙasa take farawa.

Za ta zaro ƙaramin littafin labari ta miƙa miki, ta faɗa miki gidan wani marar lafiya da ya daɗe a kwance. Ki je ki zauna a gefen gadonsa ki karanta masa da ƙarfi. In kin dawo ta tambaye ki, "Me kika gani?" Wani lokaci ta bi ki, ta zauna a lungu tana saƙa. Ranar da ta gamsu, ita da hannunta za ta rufe littafin, ta mayar da shi gurbinsa, sannan ta buɗe miki layin tsakiya, daga baya na sama. Abin da ake nufi da "ta rufe mini" ke nan. Ta kan ce, "Na sama zai sa ki ci jarrabawa, kuma dole ki ci. Na tsakiya zai hana ki kashe mutum. Na ƙasa ne zai nuna mini ko za a iya barin uwar wani a hannunki."

Nawa lokacin ya zo ne a shekarar da soja suka koma bariki. Gari ya cika da hotunan 'yan takara, har a jikin bangon coci. Kowa na cewa farar hula za su gyara asibitoci, za a ɗebi nas-nas. A masana'antar da mahaifina ke aiki a Kudenda kuwa, raɗe-raɗin rage ma'aikata ake yi. Ya zaunar da ni ya ce, in ban samu makarantar ba a bana, zai roƙa mini aikin liƙe kwali a wurinsu kafin a sallame shi, don ba zai iya ƙara jira ba. Ban damu sosai ba. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, ni ke karatu a gaban coci ranar Lahadi, kuma kabad ɗin na gwaggona ne. Na ɗauka in na je, mabuɗin kawai za a ba ni.

Sai ta sunkuya ta zaro mini wani ɗan littafin Hausa mai koren bango, labarin wata mata mai kwalekwale da ɗanta ya tafi birni bai dawo ba. Ta ce, "Tudun Wada za ki. Akwai wata Hajiya, mahaifiyar wata da muka yi aiki tare. Ɓarin jikinta ya shanye, baki ba ya fita, amma kunne garau."

Na tafi ina ƙunƙuni a mota. An karɓe ni hannu biyu, aka ba ni kujera 'yar tsugunno a gefen gadon. Na gyara murya na zuba karatu. Ba yabon kai ba, na iya. Muryar mai kwalekwale daban, ta ɗanta daban, har matan gidan suka bar tankaɗe suka taru a bakin ƙofa. Na dawo Romi ina jin kaina a sama.

Gwaggo ta ce, "Me kika gani?"

Na fara ba ta labarin. Ta ɗaga hannu. "Wannan na san shi tun ba a haife ki ba. Ta wane gefe take kwance?"

Na ce ban lura ba.

"Leɓenta a bushe yake ko a jiƙe?"

Shi ma ban duba ba.

"Da saura," in ji ta, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Zuwa na gaba na shiga da shiri. Kafin in buɗe littafi na ƙare wa Hajiya kallo, na haddace komai kamar darasi: gefen hagu, leɓe a jiƙe, zani shuɗi, har ƙudan da ke kan labule. Na dawo na zazzage wa Gwaggo. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Da kika kai inda uwar ke tsaye a bakin ruwa tana jiran ɗanta, me hannun Hajiya ya yi?" Ban sani ba, idona na kan takarda. Ta ce, "Ɗanta na fari ya tafi neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ita ta zaɓi littafin nan da kanta, tana son sa. Ke kuma kina bi ta kan wurin da gudu kamar mai karanta labaran rana. Da saura."

Kalmar nan ta ishe ni. Na bi 'yan matan da aka riga aka rufe musu ina tambayar sirrin. Ba wadda ta iya faɗa mini. Wata 'yar Filato, wadda in tana karatu sai ka tausaya wa littafin, ta ce, "Ni fa ban san me na yi ba. Ko shafin ban gama ba. Na ga Baban da nake karanta wa yana ta ƙifta ido, na tashi na saki labule don rana na dukan fuskarsa. Ina dawowa na tarar Gwaggonki ta rufe." Na ce a raina, wannan ai son kai ne. Mai in'ina an rufe mata, ni da ake taruwa a saurara an ce da saura.

Jarrabawa ta ƙarato, ni ko layin tsakiya ban taɓa ba. Wata Lahadi bayan an tashi coci, mahaifina ya ce in biyo shi. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga wa yayarsa murya ba sai ranar.

Ya ce, "Yaya, jarrabawa na bakin ƙofa, kin ba yarinya tatsuniya. 'Ya'yan mutane kin buɗe musu, taki ta gida kin hana. So kike ta ƙare a liƙe kwali?"

Ta ce, "Zauna, Auta."

"Ba zan zauna ba. Lissafi za a tambaye ta, da Turanci, da sunan ƙashi. Ba wanda zai tambaye ta mai kwalekwale."

Sai ta kwance mabuɗin daga bakin zaninta ta ajiye a kan tebur. "Ɗauki. Na sama da na tsakiya, duk wanda kake so. Jarrabawa kam za ta ci, ko da ni ko ba ni, kanta na ja." Ta juyo gare ni. "Amma koren nan kada ki kawo mini. Ban karɓa ba."

Mahaifina ya ɗaure manyan littattafan a bayan kekensa da roba, muka fito ba sallama. Suka daina magana. A coci sai ya zauna can baya don kada su haɗa ido. Abin ya daɗe, har ranar da inji ya datse masa yatsa a wurin aiki. Kafin mu san labari ta riga mu isa asibiti. Muka tarar tana tsaye a kansa tana yi wa mai ɗinkin faɗa, tana kuma yi wa shi Autan faɗa a kan ya daina kuka a gaban yara. Haka suka shirya, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Na ci jarrabawa, kamar yadda ta ce. Ranar da zan tafi makaranta ta zo da sassafe, ta karɓi yunifom ɗina ta sa masa sitaci, ta goge da dutsen guga na gawayi har yana iya tsayuwa da kansa. Ta cire agogon ƙirjinta, wanda ban taɓa ganin ta ba shi ba, ta maƙala mini. Na ce yau kam an gama. Na zaro koren littafin daga jaka na miƙa mata da hannu biyu. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta gyara mini wuyan riga ta ce, "Mota za ta tafi ta bar ki."

Na ci gaba da zuwa wurin Hajiya duk lokacin hutu har Allah ya karɓi abarsa. A wurin zaman makoki ne na ji daga bakin 'yarta cewa tun ranar da Hajiya ta kwanta, Gwaggo ce ke zuwa duk mako ta yi mata wanka, ta juya ta, ta shafa mata mai a baya, ga ciwon gwiwa tana fama da shi. Shi ya sa har ta rasu ba ta yi gyambon kwanciya ba. Gwaggo ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Hajiyoyin da suka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, mutanen gidan nan ne.

Na gama makaranta, na kama aiki, na yi aure, na haihu. An ƙara mini girma, har ɗalibai na tashi tsaye in na shigo. Koren littafin kuwa yana bina duk gidan da na koma. A kabad ɗin Gwaggo gurbinsa na nan a layin ƙasa, ba ta cike shi da wani ba. In na je gaisuwa idona ba ya kallon ko'ina sai wurin. Zan faɗi gaskiya, abin yana ci mini rai. Duk takardun shaidar da na tara, da za a ce in ba da su a rufe mini ɗan littafin nan, da na bayar. Wani lokaci in ji haushinta, in ce taurin kai ne irin na tsofaffin nas-nas. Amma ban taɓa shiga ɗakin marasa lafiya ban ji muryarta a bayan kunnena tana tambayar me na gani ba.

A daminar bana irin ciwon Hajiya ya sami Gwaggo. Ɓarin dama ya shanye, baki ya tafi. Matar da ke juya bas da kallo ta koma sai an ɗaga an kwantar. Muka dawo da ita gida, muka sa gadon a falo don ta riƙa ganin masu shigowa. Wata rana ina ba ta kunu, ta ɗaga hannun hagu da ƙyar ta nuna kabad. Na ɗauka ƙura ta gani, na goge gilashin. Ta sake nunawa, ƙasa-ƙasa, daidai gurbin nan.

Washegari da la'asar na zo da shi. Ana yayyafi. Mahaifina na zaune a lungu, a kujerar da ita ta saba zama in tana sauraron 'yan mata. Na jawo kujera gefen gadon. Na ce a raina yau zan yi karatun da ban taɓa yi ba. Na fara a hankali. Mai kwalekwale ta tura jirginta, ɗanta ya ɗaure kayansa.

Ban yi nisa ba na ji numfashinta ya sauya, ya ɗan yi kauri. Na duba, kanta ya zame daga matashi, yawu ya taru a gefen bakin da ya mutu. Na ajiye littafin a buɗe a kan gado na tashi. Na tallafo wuyanta, na karkata ta, na share mata baki. Leɓen ya bushe, na jiƙa auduga na shafa. Babban yatsanta na hagu yana ta murza zanin gado, sai na bi shimfiɗar da tafin hannu har na samu inda ta lanƙwashe a ƙarƙashin diddigenta, fatar wurin ta fara ja. Na ja zanin ya miƙe, na sa mata ƙaramin matashi. Iska na shigowa da feshin ruwa ta taga, na tura ta. Wallahi duk wannan lokaci ban tuna da wani littafi a duniya ba. Sai da numfashin ya daidaita na koma kujera, na miƙa hannu in ɗauka in nemi inda na tsaya.

Yana rufe. Tafin hannunta na hagu na kwance a kan koren bangon, idonta na kaina.

Mahaifina ne ya taso daga lungu, ya tsaya a kan gadon, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Haba, Yaya. Sai yanzu?"

Gefen bakinta mai rai ya ɗan motsa. Na rantse dariya take yi masa. Na durƙusa na kifa fuskata a kan hannun nan, na yi kukan da ban yi ba ranar da na ci jarrabawa, ban yi ba ranar aurena. Ba ta kai Lahadi ba.

Ni na mayar da littafin gurbinsa da hannuna, bayan an share makoki. Mabuɗin kabad ɗin yana wurina yanzu, mahaifina ne ya kwance shi daga bakin zaninta ya ba ni. Ban san ko ina da idon da zan riƙe shi ba. Abin da na sani, in wata ta zo tambayar abin da za ta karanta, daga layin ƙasa za mu fara.

Sista, kin tambayi kowa a rumfar nan, ni kika ɗauke mini tambaya. Ga amsata. Ba tun ina goye ba ne. Ni ce ta ƙarshe da ta rufe wa, kuma ita na karanta wa. Shafin da na tsaya ban ƙarasa shi ba har yau.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ya ba Auta haƙuri. Ya gyara mata shimfiɗa yadda ta gyara wa iyayen mutane, ba lanƙwasa ko ɗaya a ƙarƙashin diddige.